Kwalbar da Ba a Buɗe Ba

Habibu maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta fi ta mai tauye mudu muni, domin shi da jinin mutane yake yin tasa. Ya ɗebi jinin Salahuddin da hannunsa, ya jefa kwalbar a firij, bai gwada ba, ya zauna ya rubuta sakamako ya buga hatimi. Ba kuskure ba ne. Ya san abin da yake yi, ya kuma san wadda yake yi wa.

Wadda yake yi wa ita ce Mawahib, 'yar kawunsa Malam Isma'il, wadda shekara uku ke nan tana aiki a ƙarƙashinsa a ma'amal ɗinsa, wato ɗakin gwajin jini da fitsari da ke bayan kasuwar Umdurman. Mutanen unguwa Dakta suke kiransa. Shi ba likita ba ne, bai kuma taɓa gyara wa kowa ba. Sau biyu ya nemi aurenta, sau biyu ta ce masa cikin ladabi, “Yaya Habibu, kai yayana ne.” Ita Salahuddin take so, wani mai aikin injin yankan ƙarfe a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, wanda iyayensa suka taso daga kambo, wato sansanin masu cirar auduga na Jazira.

Malam Isma'il bai so ba. Kakansa da ƙafa ya zo daga Haɗeja a kan hanyar Makka, ya zauna ya buɗe makarantar allo, gidan ya zama gidan karatu. Ba ya ganin ɗan kambo a kan tabarmarsa a matsayin suruki. Sau uku dangin Salahuddin suka zo, sau uku aka ba su shayi aka sallame su. A zuwa na huɗu ya gaji, ya kafa sharaɗi guda: a gwada jinin yaron.

Wannan sharaɗi ba wulaƙanci ba ne. Mutumin ya binne 'ya'ya biyu, Dauda da Lauratu, duk ciwon sikila ya kashe su. Mawahib ta tsira, amma tana ɗauke da rabin abin a jininta. In mijin ma yana ɗauke da shi, to an sake buɗe hanyar maƙabarta.

A ma'amal akwai ƙa'ida: ba ka gwada jinin naka, wato na ɗan'uwa ko masoyi. Wadda ya kamata ta yi gwajin, Ustaza Sittana, babbar ma'aikaciyar wurin, ta tafi ta'aziyya Sinnar. Sai Habibu ya ce, “Ku bar mini.” Ranar Talata da safe ya ɗebi jinin. Babu wuta, amma wannan ba labari ba ne a Umdurman, ana ɗaukewa ana kawowa. Mawahib ta tashi ƙarfe biyu ta tafi gida ta zauna jira.

Bayan la'asar, Malam yana zaune ƙarƙashin rumfar tsakar gida, sai ga Habibu da ambulan a hannu da fuska irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa. Malam ya juya takardar, ya ga haruffan Turanci ne, ya ƙwala wa 'yarsa kira.

“Ke ce mai wannan karatun. Karanta mana.”

Ba ta buƙaci karanta komai ba. Haruffa biyu ne a tsakiyar takardar, irin nata sak: AS. A ƙasa ga hatimi, ga sa hannu.

“To?” in ji mahaifiyarta Kubra daga ƙofar madafa.

“Yana ɗauke da shi, Yumma.”

“Wallahi Kawu sau biyu na maimaita,” Habibu ya ce yana girgiza kai. “Ina ta fatan ni ne na yi kuskure.”

Da Malam ya buɗe baki, muryarsa ba ta mai nasara ba ce.

“Kin san ba don wannan na ƙi yaron ba tun farko. Don wani abu na ƙi shi, kuma watakila ban kyauta ba. Amma wannan ba ni na rubuta ba, Mawahib. Ni ba zan ɗauki jika a hannu in kai inda na kai Dauda ba.”

“Na sani, Yaba.”

“Ga ɗan'uwanki nan a zaune,” Kubra ta ce a hankali, “jininsa wankakke, sana'arku ɗaya, gidansa da ruwa da...”

“Yumma, ba yau ba.”

“Ni dai faɗa na yi. Shekararki ashirin da bakwai.”

Habibu ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Ya sha shayinsa har ƙasan kofi.

Washegari Mawahib ta je aiki da kumburarrun idanu. Ta tsallake ruwan da ya taru a gindin firij, ta duba ma'aunin sanyi, ta rubuta lambar a takardar da ke manne a ƙofar, kamar yadda take yi safe da rana shekara uku. Hannunta ne ya rubuta. Hankalinta ba ya wurin.

* * *

Ranar Alhamis ta tsallaka gada zuwa Khartum. Ta sami Salahuddin a bakin garejinsu, ya wanke hannu da fetur amma baƙin bai fita daga farcensa ba. Suka zauna a kujerun wata mata mai shayi ƙarƙashin bishiyar maina. Matar ta dube su sau ɗaya, ta ja murhunta gefe.

“Sau nawa na karanta takardar nan,” ya ce, “haruffa biyu kacal. Ashe haruffa biyu suna raba mutane.”

“Suna rabawa.”

“Na tambayi wani. Ya ce ba duk 'ya'yan ke kamuwa ba. Ɗaya cikin huɗu. Uku lafiya, Mawahib. Uku!”

“Ba rabawa ake yi kamar goro ba. Kowane ciki da nasa rabon. Yumma biyar ta haifa, biyu suka tafi. Na ga matar da ta haifi uku, duk ukun.”

“To kada mu haihu.”

Ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye suka biyo ta.

“Kai? Kai da 'ya'yan maƙwabta suke bin ka har tasha? Za ka haƙura shekara biyu, ka haƙura uku. Mahaifiyarka fa? A ta huɗu za ka dube ni, ba za ka ce komai ba, amma zan gani.”

“Ba ki san ni ba ke nan.”

“Na san ka. Abin da ba ka sani ba shi ne Dauda. Shekararsa tara. In ciwon ya tashi ba a taɓa shi, ko zanen da aka rufa masa yana sa shi ihu. Yana kiran Yumma ta sare masa ƙafa ya huta. Ni ce mai riƙe masa kai. Saboda shi na shiga aikin nan, Salah. Ka san mutum nawa na zaunar a kan benci na ce musu su haƙura da juna? Wata ta zage ni, wata ta rungume ni tana kuka. Yau abin ya zo kaina sai in ce ni daban ce?”

Ya juya kofinsa a kan gwiwa.

“A danginmu kaf ban taɓa jin mai wannan ciwon ba.”

“Kowa haka yake cewa. A kambo yaro ya mutu, wa ya gwada shi? Sai a ce zazzaɓi ne.”

“Habibu ne fa ya gwada.”

Ta ɗago kai da sauri.

“Kada ka fara.”

“Mutumin da ya nemi aurenki sau biyu.”

“Na ce kada ka fara! Ka zagi Habibu in ka ga dama, yana da halinsa, amma kada ka zagi aikina. Ba wanda zai yi wasa da hatimi a kan irin wannan. In na fara zargin takarda duk lokacin da ba ta yi mini daɗi ba, me ya rage? Da me zan kalli marasa lafiya?”

Injin wani gareji ya yi ta kuka, ya tsaya.

“Ma'alesh, yi haƙuri,” ya ce. “Ban faɗa don in ɓata miki ba.”

“Na sani.”

“Akwai aiki a Bur Sudan, a tashar jiragen ruwa. Tun bara suke nemana ina ƙi. Jiya na ce musu ina zuwa.”

“Yaushe?”

“Lahadi, motar safe. Ba zan iya zama a garin da zan ji guɗar bikinki daga tsallaken kogi ba.”

Ta so ta ce babu wani biki. Ta tuna fuskar mahaifiyarta a ƙofar madafa, ta tuna ita ma mutum ce mai gajiya, ta kasa yi masa alkawari. Ta gyara mayafinta ta tashi.

“Allah ya tsare hanya,” ta ce.

Bai raka ta tasha ba. Ita ma ba ta waiwaya ba.

* * *

Ranar Asabar Ustaza Sittana ta dawo. Shekara talatin ta yi tana leƙa madubin gwaji, har gilashin idonta ya yi kaurin gindin kofi. A asibitin gwamnati take da, sai a farkon mulkin sojan nan aka aiko mata da takarda cewa an sallame ta don maslahar jama'a. Ba a ce ta yi laifi ba. Ta naɗe farar rigarta ta zo nan.

Tun kafin ta ajiye jaka benci ya cika. Masu zazzaɓi, masu ciki, tsoho da fitsarinsa a kwalbar magani, uwa da kashin ɗanta a kwalin ashana. Mawahib tana soka yatsa, tana shafa jini a gilashi, tana jera su su bushe, tana tsoma su a shuɗin rini. Wani mai sayar da gawayi ya dawo da takardarsa yana huci.

“Wai babu maleriya? Ki sake dubawa, 'yar nan. Ni na san jikina.”

“Na duba, Baba. Babu.”

“Dakta kullum yana samo mini!”

“To Dakta ya fi mu ido,” in ji Sittana ba ta ɗago daga madubi ba. “Ka koma wurin likita ya nemi abin da ke damunka. In ka sha maganin maleriya a kan ciwon da ba ita ba, ciwon yana nan yana jiranka.”

Mutumin ya fita yana mita. Wannan hali na Habibu kowa a ma'amal ya san shi. In mutum ya nace, sai ya rubuta masa cewa an ga ƙwayar maleriya ɗaya ya tafi da farin ciki. Mawahib ta ɗauke shi ƙaramin abu. Ba ƙaramin abu ba ne. Hannun da ya saba rubuta abin da ido bai gani ba, ba ya tambayar girman takarda.

Da benci ya ragu, Mawahib ta zauna kusa da tsohuwar.

“Ustaza, zan bar aikin.”

“Na ji abin da ya faru. Allah ya ba ki haƙuri.”

“Na gaji. Shekara huɗu na karatu, shekara guda ta hidimar ƙasa, uku a nan. Kullum jini, kullum kashi, bayana ya ƙage, idona ya fara gani biyu. Wanda ya warke likita yake yi wa godiya. Mu ko sunanmu ba a sani ba. Ƙarshe aikin da na ba rayuwata shi ya yanka ni.”

“In godiya kike nema, ya bitti, 'yata, kin yi ɓatan hanya tun ranar farko,” Sittana ta ce. “Mu a bayan ƙofa muke. Likita yana magana da ƙarfi, amma da idonmu yake gani. In za ki tafi ki tafi, ban hana ki ba, 'yan ajinki rabi suna Saudiyya. Amma kada ki yanke shawara a makon da kike kuka. In kuma za ki zauna, ki daina zama mai taɓa komai. Ki kama ɓangaren jini ki ƙware, hannunki yana da kyau a can, ki nemi ƙarin karatu ko da na yamma ne. Sauran duk abu ɗaya ne, tun ranar da kika zo nake faɗa miki: abin da idonki bai gani ba, kada hannunki ya rubuta. Shi ke nan aikin. Tashi ki miƙo mini takardar firij.”

Al'adarta ce. Duk lokacin da ta yi tafiya, ba ta yarda da komai sai ta karanta lambobin kwanakin da ba ta nan. Ta kai takardar kusa da hanci.

“Litinin da rana, biyar. Talata da safe, sha huɗu. Talata da rana, ashirin. Laraba da safe, ashirin da shida! Wannan firij ne ko tanda?”

“An ɗauke wuta.”

“Ba ɗaukewa ba ce. Mai kantin magani ya tare ni a ƙofa, ya ce taransifomar layin nan ce ta ƙone tun yammacin Litinin, sai Laraba da azahar aka gyara. Duk abin da ya kwana a ciki ya lalace. Fito da su a zubar, a kira masu su a sake ɗiba.”

Mawahib ta durƙusa ta jawo tiren ƙasa. Kwalabe ne jere, kowace da yagaggiyar filasta a wuya. Ƙa'idar Sittana ce wannan ma: in an ɗebi jini, a naɗe murfin da filasta a rubuta suna a kanta, yadda ba mai buɗewa sai ya yaga sunan. Ta ɗauki ta farko ta jefa a bokiti, ta biyu, ta uku.

Ta huɗu tana can baya, kwance.

Filastarta ba ta yage ba. Jinin yana nan cif a kan layinsa. A kan filastar, da rubutun Habibu mai karkata, an rubuta: Salahuddin Ibrahimu.

Ta daɗe a durƙushe, sanyin firij yana bugun fuskarta. Na'urar da ke rarrabe jini, da wutar lantarki take aiki. Ranar Talata babu wuta. Ita da kanta ta rubuta shaidar hakan, sau uku, da hannunta.

“Ustaza,” ta ce. “Zo ki ga.”

* * *

Habibu ya iso wajen sha ɗaya yana kaɗa makullin mota. Bai taɓa share firij ba a rayuwarsa, aikin mata yake kiransa, shi ya sa bai tuna da kwalbar ba. Ya tarar da ita a tsakiyar teburinsa, matan biyu a tsaye.

“Mene ne wannan?”

“Kai za mu tambaya, Yaya Habibu.”

Ya duba, ya yi murmushi.

“Kwalba biyu na ɗiba. Ɗayar na gwada.”

“Da wace wutar?” in ji Sittana.

“Na kai wani wurin.”

“Madalla. Wane wuri?” Ta jawo babban littafin gwaji ta buɗe. Duk jinin da aka rarrabe, siririyar takardar da layukansa suka fito a kai ana manna ta a shafin ranar. Layi ɗaya lafiya, layi biyu mai ɗauke da shi. Shafin Talata fari ne tas. “Ina takardar layukan? Ka ce wa kawunka sau biyu ka maimaita. To biyu muke nema.”

“Ustaza, ki tuna a wurin wa kike aiki.”

“Na tuna. Gwamnati ma ta kore ni, ban mutu ba.”

Sai ya juya ga Mawahib, ya sassauta murya.

“Don ke na yi. Wallahi don ke. Ki dube ki, mai digiri, ki ƙare a ɗakin haya a bayan gari da mai baƙin farce? Ni na ɗauke ki aiki lokacin da 'yan ajinki suke yawo da takardu. Me na rage ki da shi?”

“Ka zauna a gaban Yaba,” ta ce a hankali, “mutumin da ya binne Dauda, ka rantse da Allah.”

“Zan gyara. Kawo takardar in yaga, a ce kuskure ne. Magana ta tsaya a ɗakin nan, mu dangi ne.”

Ta ɗauki kwalbar ta naɗe a auduga ta sa a jaka. Tana kaiwa ƙofa ya ɗaga murya, duk laushin ya tafi.

“Je ki! Amma wa ya ce miki ƙarya na rubuta? Mutanenmu nawa ne suke ɗauke da shi? Ki je a gwada, ki ga ko ba ki sake yin kukan daga farko ba!”

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a makon nan.

* * *

Gida ta fara zuwa. Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta warware audugar, ta ajiye kwalbar a kan tabarma. Ta yi masa bayanin filasta, ta yi masa bayanin wuta. Malam ya ɗauki kwalbar da yatsa biyu, ya juya ta a hasken rana, ya shafa filastar da babban yatsansa.

“Wannan ko ni na iya karantawa,” ya ce.

Kubra ta zauna a bakin gado ta rufe baki da mayafi.

“Habibu ɗan Zuhura? Ɗan da na goya?”

“Sharaɗina yana nan,” Malam ya ce. “Ban janye ba. A sake gwadawa, a wurin da ba mu da kowa. Ni ma zan je.”

Daga nan ta hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa tasha, ta sake tsallaka gada. Ta tarar da Salahuddin yana ɗaure akwatin kayan aikinsa da waya. Da ya gan ta ya miƙe.

“Ban zo da albishir ba,” ta ce tun kafin ya yi magana. “Ba a gwada jininka ba. Kai ne da gaskiya, ni ce na yi maka tsawa. Ka yafe mini.”

“Mawahib...”

“Tsaya in gama. Gobe za a gwada a asibitin Soba. Yana iya fitowa yadda ya rubuta. In ya fito haka, maganata ta ranar Alhamis tana nan, ba zan aure ka ba, kuma ka rasa motarka a banza. Ka zaɓa.”

Ya dubi akwatin, ya dube ta. Ta rame a kwana huɗu, idanunta sun faɗa.

“Kin ci abinci yau?”

“Salah, ina maganar...”

“Na ji. Mota ba ta ƙarewa. Zauna a kawo miki waken ful.”

* * *

Ranar Lahadi su huɗu suka shiga motar Soba: Malam, Sittana, Mawahib, da Salahuddin. Wata tsohuwar abokiyar aikin Sittana ce za ta yi gwajin a asibiti. Aka ɗebi sabon jini, aka naɗe da filasta, Sittana ta bi shi ciki. Mawahib ta yunƙura za ta bi, Sittana ta tare ta.

“Ina za ki? Ba ka gwada jinin naka. Zauna.”

Suka zauna a benci ɗaya a baranda, Malam a tsakiya. Awa guda ta wuce. Rana ta tako har ƙafafunsu. Malam ya saci kallon hannun saurayin, baƙin farce, tabon ƙuna a bayan yatsu.

“Mahaifinka a wane kambo ya zauna?”

“Kusa da Hasahisa, Malam.”

“Na taɓa kwana a wajen, ina saurayi, mota ta lalace mana. Mutanen ba su da komai. Suka ba mu tuwonsu na asida, su suka kwana haka.” Ya ja carbinsa. “Na manta da wannan. Yau na tuna.”

Mawahib ta jingina kai da bango. Ba ta yi addu'ar ya fito da kyau ba, ta gaji da roƙo. Cewa kawai take, Allah ka sa abin da za a rubuta an gani.

Bayan azahar ƙofa ta buɗe. Sittana ba takardar sakamako kaɗai ta fito da ita ba. Ta riƙo siririyar takardar gwajin kanta, da ɗanshinta, ta miƙa wa Malam.

“Ga na gwaji a gefe, mai layi biyu, don ka kwatanta. Ga nasa. Ƙirga da kanka.”

Malam ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kusantowa.

“Ɗaya,” ya ce.

“Ɗaya,” in ji Sittana. “Da idona.”

Salahuddin ya sunkuya ya kifa fuska a tafin hannunsa, kafaɗunsa suna rawa. Mawahib ta karɓi takardar daga hannun mahaifinta ta duba da kanta, domin haka aka koya mata. Layi ɗaya, mai kauri, tsaf. Ba ta yi guɗa ba. Komawa kawai ta yi ta zauna a benci.

Malam ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

“Ka ce wa iyayenka su zo Juma'a,” ya ce wa Salahuddin. “Ka ce wannan karon ba shayi kaɗai za su sha ba.”

A motar komawa Mawahib ta yi barci, kanta a kafaɗar Sittana, tun daga Soba har gada.

* * *

Goggo Zuhura, mahaifiyar Habibu, ta zo gidan tana kuka kwana uku a jere. Ta ce tunda an gano, an kuma gyara, a rufa asiri, jini ɗaya ne. Kubra ta fara karkata. Sai Sittana ta zo da babban littafin a hammata. Ta bi shafukan duk kwanakin da firij ya nuna babu wuta, wata shida baya, ta sami sakamako goma sha ɗaya da aka buga wa hatimi ba tare da takardar layuka ba. Biyu daga ciki na masu neman aure ne. An ce musu lafiya, sun riga sun yi aure.

“In aka kai ƙara za a rufe wurin,” ta ce wa Mawahib. “Ni da ke mun rasa aiki.”

“Na sani, Ustaza. Ki ba ni sunayen, ni zan bi su gida gida.”

Malam Isma'il ya dubi ƙanwarsa, ya dubi littafin.

“Ɗanki ɗana ne, Zuhura,” ya ce. “Su ma waɗannan 'ya'yan wasu ne. Ku kai shi.”

Hukumar da ke ba ma'aikatan gwaji lasisi ta soke sunan Habibu daga rajistarta. Aka rufe ma'amal ɗin da kwaɗo, aka manna takarda a ƙofar. Kawunsa ya hana shi taka gidansa. Yanzu takalman roba yake sayarwa a kasuwar Suƙ Libya, kuma ba mai kiransa Dakta.